Yadda Ake Tayar da Komaɗar Shokar Gaba ta Tsohon Babur na Jeji

Duk wanda ya taɓa gangarowa daga Tula zuwa Kaltungo a kan tsohon babur na jeji, ko ya bi gargadar ƙauyukan Dukku da rani, ya san halin shokar gaba. Ka taɓa birki, kan babur ya nitse kamar zai ci ƙasa. Ka taka dutse, ya doke ka a tafin hannu kamar babu shoka sam. Sai mutum ya rasa ko laushi ya yi mata yawa ko tauri. Ciwo ɗaya ne, kuma tushensa yana cikin yadda aka ƙera ta.

Ana maganar irin su Yamaha DT125 da DT175, Suzuki TS185, Honda XL da tsofaffin XR, da baburan tsere na YZ, CR, RM da KX na shekarun 1970 zuwa farkon 1980. A kowace ƙafa akwai farar sanda mai sheƙi da ke shiga cikin kube, akwai dogon sifirin, akwai mai. Can ƙasa kuma akwai wani ɗan bututu mai huji a jikinsa, wanda noti ɗaya ke riƙe da shi daga gindin kube. Kamarsa ɗaya da sarewa, don haka sarewa za mu kira shi. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi. Mai da ke kutsawa ta hujin sarewa shi ke hana shoka shiga ko dawowa da gaggawa.

Matsalar huji ita ce faɗinsa ba ya canjawa. Idan shoka na shiga a hankali, kamar lokacin taka birki, mai na wucewa salin-alin, babu abin da ke tare shi. Idan saurin shigar ya ninka biyu, turjiyar man takan ninka kusan huɗu. Ya ninka huɗu, ta kai kusan goma sha shida. Shi ya sa bakin dutse ko bakin kwalbati ke zama kamar ka doki bango. Daga tsakiyar shekarun 1980 kamfanoni suka fara komawa katirij, inda siraran faya-fayan ƙarfe ke lanƙwashewa su ƙara wa mai hanya idan duka ya yi ƙarfi.

Maganin da aka saba yi a bakin titi kowa ya san shi: a ɗura baƙin mai mai kauri, a cusa tsohon soket ko tarin washa a kan sifirin, a rufe. Kaurin mai yana rage nitso kaɗan, amma ya ƙara dukan dutse, ya kuma sa shoka ta kasa dawowa a kan gargada, tana shiga tana ƙara shiga har ta ƙare. Soket kuwa ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi ko kaɗan. Ɗaga kan babur kawai yake yi, ya mayar da farkon motsin shoka ya yi tauri, a babban rami kuma ta buga ƙasa kamar da. Aikin yana da jeri: lafiyar ƙarfe tukuna, sai sifirin, sai mai, sai bawul. Musanya gaban gaba ɗaya shi ne na ƙarshe, kuma yawancin mutane ba sa buƙatarsa.

Kwancewa da dubawa

Ɗora babur a kan akwaku ko kututture har tayar gaba ta bar ƙasa. Tun shoka tana jikin babur, yi abu biyu da za su cece ka daga wahala. Sassauta notin mariƙi na sama, wato ƙarfen da ke damƙe sandunan biyu a wuyan babur, sannan ka karya murfin kan sanda zagaye ɗaya, domin muddin mariƙin sama na matse da ita murfin ba zai juya ba, sai dai ka cinye kansa. Sannan ka karya notin gindin kube da alanki tun sifirin na ciki yana danne da sarewa. Idan ka riga ka cire sifirin, sarewa za ta yi ta juyawa tare da notin. In hakan ya faru, fiƙe bakin sandar mofa ka tura ta ciki ka danne sarewar, ko ka kai wa mai bindigar iska ya fizge notin. Idan akwai bawul ɗin iska a murfi, fitar da iskar kafin komai. Lokacin cire murfi ka danne shi da tafin hannu, fuskarka a gefe.

Zuba tsohon man a farin kwano ka dube shi. Idan ya yi toka-toka yana ƙyalli, kube ne ke cin kansa. Idan ya yi kamar kunu, ruwa ya shiga. Cire robar ƙura, cire zoben wayar da ke riƙe da sil, wato robar da ke hana mai zuba, sannan ka ja sanda da ƙarfi sau uku ko huɗu kamar mai zare takobi. A shoka mai bushin, wato zoben da sanda ke sulɓi a cikinsa, sil da washa da bushin za su fito tare. Wadda ba ta da bushin, sanda za ta zare kawai, sai a ɓanɓare sil da sukundireba, a sa tsumma a bakin kube don kar ya tsage. Jera kayan kowace ƙafa daban a kan kwali, bi da bi yadda suka fito. Wanke da kalanzir. Laka da ke kwance a gindin kube sai an sa sanda da tsumma.

Gara farar sandar a kan gilashi. Idan haske na leƙowa ta ƙarƙashinta yana ɓacewa, ta lanƙwashe. Iyakar da littattafan gyara suka saba bayarwa ita ce milimita 0.2. Ƙaramar lanƙwasa ana miƙar da ita a injin matsi, amma duk sandar da ta yi ƙwarya ko layin karaya a daidai mariƙin ƙasa, a jefar da ita. Ta riga ta mutu, ranar karyewa take jira. Bi jikinta da farce a inda sil ke wucewa. Duk abin da farce ya kama, sil ma zai kama. Ƙananan ramukan tsatsa ana wanke su da fetur, a cike da gam mai haɗi biyu, ya kwana, a goge da sanfefa mai lamba 600 sannan 1000 da ɗan mai, ana zagaya sandar, ba a bin tsawonta. Idan farin ya ɓare da faɗi, sai dai wata sandar.

Bushin yana da baƙin rufi mai santsi. Idan jan ƙarfe ya bayyana a yawancin fuskarsa, ya gama aiki. Dubi zoben roba da ke kan sarewa. Idan ya cinye, mai na zillewa ta gefensa, kuma duk kaurin man da ka zuba shoka za ta riƙa dawowa kamar gwafa. Kar ka manta da boris ɗin wuya. Juya kan babur hagu da dama. Idan yana maƙalewa a tsakiya, ƙwallayen sun haƙa wa kansu gurbi, kuma babu shokar da za ta yi daɗi a kan wannan wuyan.

Wajen sayen sil, je da baniya, wato ma'aunin faɗi da kauri, ko da tsohon sil ɗin. Lamba uku ake nema: faɗin ciki, faɗin waje, da kauri, kamar 35 da 48 da 11. Ƙananan babura sandarsu na tsakanin milimita 30 da 35, na tsere 36, 38 ko 43. Abin da ba a samu a layin 'yan sifaya na Gombe ba akan aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Nnewi. Sil na shoka daban yake da na inji ko da lamba ta zo ɗaya, domin na inji don ƙarfe mai juyawa aka yi leɓensa, ba mai shiga da fita ba.

Sifirin: nan ne rabin aikin

Kafin ka taɓa sifirin, san inda kake. Ana yin awon ne bayan an gyara sil da bushin an mayar da komai, kuma sai da mutum biyu. Taya a sama, auna daga bakin kube zuwa ƙarƙashin mariƙin ƙasa. Wannan awo na ɗaya. Sauke babur, mai shi ya hau da takalmansa da duk abin da ya saba ɗauka, ya tsaya a kan matakai, wani ya riƙe babur daga baya. Ɗaga kan babur kaɗan ka sake shi a hankali, auna. Danna shi ƙasa ka sake a hankali, sake aunawa. Tsakiyar waɗannan biyun za ka ɗebe daga awo na ɗaya, abin da ya rage shi ne zaman shoka. Ana son ya kama kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na duk tafiyarta: shoka mai tafiyar milimita 200 ta zauna 50 zuwa 60, mai 300 ta zauna 75 zuwa 90.

Tazarar da ke tsakanin awon ɗagawa da na dannawa ita ma magana take yi. Milimita 15 ko ƙasa, lafiya lau. Ta kai 30 ko 40, akwai abin da ke cije shoka: sanda a karkace, aksul a matse ba daidai ba, ko sil busasshe.

Ƙarfin sifirin ana faɗinsa da kilo nawa ke matse shi milimita ɗaya. Za ka iya aunawa a gida. Zura shi cikin bututun ruwa don kar ya kauce, tsayar da shi a kan sikelin awon mutum, danna da sanda milimita 50 ka karanta, ƙara dannawa zuwa 100 ka karanta. Bambancin kilo raba 50. Idan ya tashi daga kilo 16 zuwa 32, ƙarfinsa 0.32 ke nan. Babban babur mai doguwar shoka, da mahayi mai kilo 70 zuwa 80, yakan so tsakanin 0.40 da 0.44. Yawancin tsofaffin sifirin sun gaza haka tun suna sababbi, balle bayan shekara arba'in.

In da hali, a sayi sabo mai ƙarfin da ya dace, faɗinsa daidai da cikin sanda. In babu, ana yanke na ciki, domin rage zobba yana ƙara ƙarfi, ko da yake mutane da yawa sun ɗauka akasin haka ne. Lissafin a fili yake: ƙarfin yanzu sau yawan zobba masu aiki, raba yawan da za su rage. Sifirin mai zobba 50 da ƙarfi 0.33, ka cire 5, ya koma 0.33 sau 50 raba 45, wato kusan 0.37. Kar ka wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, don wayar za ta riƙa shan murɗa fiye da yadda aka shirya mata. Idan sifirin ɗin yana da gefen da zobbansa suka matsu, daga nan ake yanka, nan ne laushin yake. Bayan yanka, a gasa zoben ƙarshe shi kaɗai har ya yi ja, a kwantar da shi a kan na ƙasansa, a bar shi ya huce da kansa ba tare da ruwa ba, a goge bakin ya kwanta sumul. Bakin da aka bari da tsini zai yi ta kankare cikin sanda. Duka biyun tsawo ɗaya, zobba ɗaya.

Akwai lissafin da ba a tsallakewa. Ƙidaya duk zobban ka ninka da kaurin waya, ka ɗebe daga tsawon sifirin. Misali, tsawo 505, zobba 47, waya milimita 4: 505 a cire 188, saura 317. Dole wannan ya fi tafiyar shoka haɗe da matsin farko, wato dannawar da murfi ke yi wa sifirin, da rarar aƙalla milimita 15. In bai fi ba, zobba za su haɗe kafin shoka ta ƙare, dukan kuma ya tafi kan murfi da zarensa.

Gurbin da aka yanke ana cike shi da guntun bututun roba mai kauri na famfo ko na alminiyam, an yanke bakinsa a miƙe, da washan ƙarfe sama da ƙasa. Tsawonsa shi ke ba da matsin farko, wato iya abin da murfi ke danne sifirin idan an ɗaure shi shoka na miƙe. Fara da milimita 10. Idan sai ka kai 25 ko 30 kafin zaman ya daidaita, sifirin ɗin ya yi laushi, ba bututun ne ya yi gajarta ba.

Mai: kauri daban, tsawo daban

Tsofaffin littattafan Honda sukan ce a zuba ATF, jan man giyar mota mai canja kanta, wasu na Yamaha kuma 10W-30. ATF yana kusa da man shoka mai lamba 10W, ba ya kumfa sosai, ana samunsa ko'ina, kuma ya fi baƙin man inji nesa ba kusa ba. Man shoka na ainihi ya fi shi jure zafi, abin da ke da muhimmanci a nan inda zafin Maris da Afrilu ke taɓa digiri 40. Sai dai lambar da ke jikin gora ba abin dogaro ba ce: 10W na wani kamfani yana iya kai 15W na wani kauri. Idan an rubuta lambar cSt, wato awon kaurin mai, a digiri 40, ita za ka duba. In babu, zaɓi kamfani ɗaya ka zauna a kansa.

Kauri shi ke saita saurin shiga da dawowa. A shoka mai sarewa fara da 10W, mai nauyi ya gwada 15W. Tsawon mai kuwa wani aiki yake yi. Iskar da ta rage a saman mai sifirin ce ta biyu, wadda ba ta tashi aiki sai shoka ta kusa ƙarewa. Ƙara mai, iska ta ragu, ƙarshen shoka ya yi ƙarfi, farkonta bai canja ba. Don haka wanda shokarsa ke da daɗi a kan ƙananan duwatsu amma tana bugawa a babban rami, tsawon mai zai ƙara, ba kauri ba.

Kar a auna da kofi, domin kullum akwai ragowar mai a ciki. Cire sifirin, tsayar da ƙafar a miƙe, zuba mai, yi ta turawa da ja sau 15 zuwa 20 har kumfa ya daina tasowa, bar ta minti goma. Tura sanda har ƙasa, ka auna daga bakinta zuwa fuskar mai. Sirinji da siririn tiyo da aka ɗaura wa alama a daidai tsawon da ake so su ne kayan aikin: zura, zuƙe rarar, ƙafa biyu su zo ɗaya. Lambar littafin babur ita ce gaba. In babu littafi, fara da milimita 150, ka riƙa ƙara mai, awon na raguwa da 10 a kowane gwaji. A sanda mai faɗin ciki milimita 30, tsawon milimita 10 kusan mililita 7 ne kacal, don haka da sirinji ake ƙari. Kar tazarar mai da bakin sanda ta gaza milimita 100, in ba haka ba shoka za ta kulle kafin ƙarshenta ta tura sil waje. Bawul ɗin iska da ke kan murfin wasu baburan a bar shi ba iska. Bayan tafiya a ɗaga taya a danna shi ya huce.

Bawul a kan sarewa

Wanda ya gyara sifirin da mai, har yanzu dukan dutse na damunsa, ya iso iyakar abin da huji zai iya. Maganin wani ɗan bawul ne mai nasa ƙaramin sifirin, da ake ɗorawa a kan sarewa, babban sifirin ya danne shi. Kamfanin Race Tech na Amurka yana yin sa da sunan Gold Valve Cartridge Emulator, YSS na Tailan yana da irinsa mai suna PD Valve. A motsi mai sanyi yana rufe, mai na bi ta ƙaramin huji, nitson birki ya ragu. Duka ya yi ƙarfi, ya buɗe ya saki mai. Sai an yi odarsa, kuma da awon cikin sanda da na kan sarewa ake oda, ba da sunan babur kaɗai ba. Dole ya ɗan fi cikin sanda ƙanƙanta don ya yi motsi, ya kuma zauna daram a kan sarewa ba tare da mai na zillewa ta gefe ba. In kan sarewar bai kwanta ba, mai injin tana ya fiƙe masa mazauni na alminiyam.

Don bawul ya karɓi aiki, sai an kashe tsofaffin hujin shiga, wato manyan da ke ƙasan sarewa. Ana faɗaɗa su a ƙara wasu har su kai shida, kowanne milimita 8 a sarewa mai kauri, 6 a siririya. Bibbiyu ake hudawa, kowane biyu a gicciye da na ƙasansu, da tazarar aƙalla milimita 10, don kar sarewa ta raunana ta karye. A kankare bakin kowane huji ciki da waje, a wanke sau biyu. Ɓurɓushin ƙarfe ɗaya ya isa ya maƙale bawul a buɗe. Ɗan ƙaramin hujin da ke can sama kusa da kai na dawowa ne, kar diril ya kusance shi. A kuma sani cewa wannan aiki ba shi da komowa. Sarewar da aka huda, in babu bawul a kanta, shoka ta zama sifirin zalla.

Bawul yana da tsawo, don haka a rage bututun matsin farko daidai da tsawonsa. Ana auna mai da bawul a ciki, sifirin a waje. Daga nan aiki ya rabu biyu, abin da shi ne ribar kuɗin: kaurin mai na saita dawowa, yawanci 15W, notin kan bawul na saita shiga. Fara da zagayen da takardar bawul ta faɗa, ka riƙa canja rabin zagaye. Ana kamo bawul ɗin da lanƙwasasshiyar waya ko maganaɗisu ba sai an zubar da mai ba.

Idan sai an musanya gaban

Akwai lokacin da ba makawa: sanduna sun lalace babu irinsu, ko siririyar sanda mai milimita 30 tana murɗewa a yashi, kana juya kai taya na bin ra'ayinta, ko ana son birkin faifai. A nan idon kowa kan tafi kan shoka mai kifaffen kai, wadda kubenta ke sama farar sanda ke ƙasa, irin ta baburan tsere daga ƙarshen shekarun 1980. Tana da kyan gani, amma ga tsohon firam sau da yawa shoka ta gargajiya mai milimita 41 ko 43, kamar ta XR250R, XR400R ko DR350, ta fi dacewa. Ta fi sauƙin ɗaurawa, sil ɗinta ya fi jure ƙura, kuma in ya zubar ba ya tsiyayar da duk man a kan faifan birki.

Sayi gaban dungurungum: ƙafafu biyu, mariƙi sama da ƙasa, aksul da guntayen bututunsa, taya, faifai, kalifa da famfon birki na hannu. Tsintar su ɗaya-ɗaya a wurin 'yan gwangwan ya fi tsada a ƙarshe, kuma da wuya su haɗu.

Wuya ne inda ake fafatawa. Auna tsawon bututun wuyan firam, da faɗin mazaunin boris sama da ƙasa, da kauri da tsawon sandar wuyan sabon mariƙi. In an yi sa'a, boris mai kwanciyar mazurari wanda wajensa ya dace da firam, cikinsa ya dace da sanda, ya kashe magana. In sandar ta yi tsawo ko gajarta, a fitar da ita da injin matsi, a dasa ta tsohon babur ko a fiƙe sabuwa, ta shiga da matsi, da kafaɗa a ƙasa da za ta hana ta zarewa sama. Ba a walda sandar ƙarfe a jikin mariƙin alminiyam, ba a kuma yanke sandar wuya a tsakiya a sake haɗa ta da walda. Ran mutum na rataye a wurin.

Sai tsawo. Auna daga tsakiyar aksul zuwa mariƙin ƙasa a tsohuwar shoka da sabuwa. Duk milimita 25 da gaba ya ƙaru, wuya na kwantawa kusan digiri ɗaya. Ka ɗora shoka mai tafiyar 300 a inda mai 200 take, ka ƙara kusan digiri huɗu: babur ya ƙi shan kwana, tayar gaba ta riƙa zamewa, jingina ta yi gajarta, doguwar ƙafar kuma ta zama sandar ɓanɓare wuyan firam har ya tsage ta ƙasa. Ana gajarta ta daga ciki, da guntun bututun alminiyam da ake sawa tare da ɗan sifirin ɗin da ke tare shoka idan ta miƙe, sannan a rage babban sifirin ko bututunsa daidai wannan tsawo. Zare sanduna sama ta cikin mariƙi yana rage milimita 5 zuwa 10 ne kawai. Fiye da haka taya za ta taɓa. Gwada kafin ka hau: cire sifirin duka biyu, tura taya sama har ƙarshe, ka ga akwai tazarar yatsa tsakaninta da madigadi, da firam, da salansa. Juya kai hagu da dama, sabon mariƙi ya tsaya a kan matokarinsa kafin ya daki tanki ko ya matse babban yatsa. Tiyon birki kuma ya kasance da rara idan shoka ta miƙe duka.

Wanda zai ci gaba da birkin ganga ya tabbata tsagin farantin birki ya zauna sosai a kan haƙorin da ke jikin kube. In ya kuɓuce, faranti zai juya da taya, ya ja wayar birki, ya kulle gaban nan take.

Mayarwa da gwaji

Sabon washan jan ƙarfe a notin gindi, da ɗigon gam ɗin zare. Noti mai milimita 8 yakan tsaya wajen Nm 20 a awon ƙarfin ɗaurin noti. Rufe bakin sanda da leda, shafa mai, sannan ka zura sil, gefen da ke da ɗan sifirin yana kallon mai. Buga shi da bututun roba da aka tsaga biyu har tsagin zoben waya ya bayyana duka. Ƙafafu biyu su leƙo saman mariƙi daidai wa daida. Notin mariƙi ba wurin nuna ƙarfi ba ne; wajen Nm 20 ya isa, musamman na ƙasa, don matse shi da yawa yana ɓata zagayen sanda, shoka ta riƙa cijewa a daidai wurin.

Ɗaure notin aksul, amma bar maƙalin ƙafa ɗaya a sake. Sauke babur, kama birki, danna gaban sau biyar ko shida don ƙafar ta nemi mazauninta, sannan ka ɗaure. Tsallake wannan shi ke sa sabuwar shoka ta fi tsohuwa tauri.

Ɗaura robar ɗaure waya a jikin farar sanda, ka zaɓi hanya ɗaya mai gargada da duwatsu da rami guda mai kyau, ka riƙa bin ta kullum, kana canja abu ɗaya a kowane zuwa. Robar ta kamata ta tsaya milimita 10 zuwa 15 kafin ƙarshe a mafi munin wuri. Ta kai ƙarshe da ƙara, ƙara tsawon mai. Ba ta wuce kashi biyu cikin uku ba, rage mai. Kai na tsalle bayan rami, mai ya yi ruwa. Gaba na ƙara nitsewa yana tauri a doguwar gargada, mai ya yi kauri.

Ƙurar hunturu da busasshiyar lakar damina su ke cin sil a ƙasar nan. Sa robar riga mai lanƙwasa a kan sanduna, ƙananan hujinta na shan iska suna ƙasa suna kallon baya. Idan sil ya fara gumi, kafin ka kwance komai, ɗaga robar ƙura, yanko siririn ƙugiya daga gorar ruwa, zura shi ƙarƙashin leɓen sil ka zagaya sau ɗaya kana jawo datti waje, goge, danna shoka sau goma, sake gogewa. Sau da yawa tsakuwa ɗaya ce ta maƙale. Mai kuwa a canja shi sau biyu a shekara ga mai shiga jeji sosai, ɗaya bayan ɗaukewar ruwa, ɗaya bayan hunturu.